Landirobar Haladu Na'ingila

Duk abin da ka miƙa wa Malam Haladu, kafin ya ce ya gode sai ya juya shi ya duba gindinsa. Kofi ne, tocila ce, kwaɗon ƙofa ne, duk ɗaya. Tambari yake nema. Bai yi boko mai nisa ba, amma kalmomin Turancin nan uku da ke nuna an ƙera abu a Ingila ya san su kamar fuskokin 'ya'yansa. In ya gan su sai ya gyaɗa kai. In bai gan su ba sai ya ajiye maka kayanka a hankali, ya ce, "To, Allah ya amfana." Shi ya sa a Haɗeja in ka ce Haladu direba sai a tsaya tambayar wane. Amma ka ce Haladu Na'ingila, ko mai sayar da ƙuli zai nuna maka gidan. Mutumin da iyakar tafiyarsa a duniya Jos, ita ma sau biyu.

Mota ce ta jawo masa. Yana da shekara ashirin da 'yan kai aka ɗauke shi direba a ma'aikatar gona, aka damƙa masa wata Landiroba koriya, yana kai malaman gona ƙauyukan fadama, daga wajen Kafin Hausa har Birniwa. Shekara goma sha uku suna tare. Da gwamnati ta yi gwanjon tsofaffin motoci sai ya sayar da gonar gadonsa ya saye ta. 'Yan'uwansa suka ce an yi masa asiri. Ba wani asiri, wallahi, so ne kawai, kuma irin son da ba ya tsayawa wuri ɗaya. Tunda mota 'yar Ingila ce, ai sifanar kwance noti da za ta taɓa ta ma sai 'yar Ingila. Daga sifana aka koma keken Rali, daga keke aka koma fitilar aci-balbal, sai rediyo mai jikin katako, sai butar shayi, reza, almakashi, lema baƙa mai mariƙin gora. Akwai wata ƙatuwar kwat ta gashin tumaki da ya saya a hannun 'yan gwanjo, wadda a zafin Haɗeja in ka sa ta minti biyar sai an yi maka fifita. Akwai ma injin yankan ciyawa na turawa. A gidan da akuya biyu ba sa barin ko tsinke ya tsiro! Yana nan a zaure, duk wata ana ɗiga masa mai.

Matarsa Saude, wadda unguwa ke kira Hajja tun da babban ɗansu ya kai ta Makka, ba ta taɓa yin faɗa da kayan nan ba. Takan share ƙarƙashinsu ta mayar da su yadda ta same su. Abu ɗaya take so a wurin motar, shi ma sau ɗaya a shekara. 'Yar Tsamiyar Auta ce, wani ɗan ƙauye can cikin fadama ta bayan Baturiya, kuma a can yayarta Safara'u take. Uwarsu ta rasu Saude tana goye, Safara'u ce ta yaye ta, ta yi mata kitso, ta kai ta ɗakin miji. Da rani kowace mota tana zuwa Tsamiyar Auta. Amma da zarar damina ta zauna, daga inda kwalta ta ƙare sai baƙar laka ta tafiyar awa uku a ƙafa, ruwan ya fi ƙarfin babur, bai kuma kai na kwalekwale ba. Saude ga ciwon gwiwa, daga ɗaki zuwa madafa ma sai ta dafa bango. To a nan Landiroba take amfaninta. Kowace damina Haladu yakan sa ƙaramar giya mai jan ƙafa huɗu, ya kai ta ta kwana biyu wajen yayarta, ya dawo da ita da ƙullin busasshen kifi. Shekara talatin da ɗoriya bai fasa ba, yana kuma alfahari da hakan fiye da yadda ita take yi.

Ba shi kaɗai ke da cutar ba. Akwai Alhaji Haruna, tsohon ma'aikacin banki mai wata mota Moris baƙa, akwai wasu dattawa biyu masu tsofaffin babura, sannan ga wani zauren waya da suke ciki da masu irin wannan larura na Kano da Kaduna da Jos. Duk Juma'a bayan la'asar sukan taru ƙofar gidan Haruna, a dafa shayi, kowa ya fito da abin da ya samo a makon. Wani cokali, wani agogon aljihu da ba ya tafiya. A juya, a duba gindi, a yi ta salati. In ka gan su sai ka rantse wani abin kirki ake tattaunawa.

A bazarar shekarar da abin ya faru, famfon man motar ya mutu. Tsufa ne, shekara hamsin yana aiki, ai ya yi ƙoƙari. Bunu bakanike, maƙwabcinsu, ya duba ya ce irinsa sai an nema, amma yana da wani ɗan famfo na lantarki ɗan Caina da zai riƙe ta kafin nan. Haladu ya ɓata rai, ya kau da kai, ya ce a sa. Abin haushi, famfon ya yi aiki. Wata huɗu mota tana tashi bugu ɗaya. Aibinsa guda, in an murɗa makulli sai ya ɗan yi ƙara, ƙyas-ƙyas-ƙyas, kamar ƙadangare a kan kwano. Haladu ya koyi yin tari daidai lokacin.

Wata Juma'a cikin Agusta tarin ya makara. Haruna ya karkata kunne, ya ajiye kofinsa.

"Malam Haladu, tsaya. Me nake ji haka? Buɗe mana bonet."

Ya buɗe, don ba yadda zai yi. Dattawa huɗu suka sunkuya suka ga ɗan famfon yana ƙyalli da rubutun da ba wanda ya iya karantawa.

"La'ilaha illallahu!" in ji Haruna. "Ashe baiwar Allah ta koyi Sinanci ba mu da labari! To sai mu canza maka suna, Haladu Nacaina."

Aka yi dariya har da buga cinya. Wani ya ɗauki hoto ya tura zauren waya, kafin magariba mutanen Kaduna ma sun sa baki. Wasa ne irin na tsofaffi, da safe kowa ya manta. Haladu ne bai manta ba. Asabar da hantsi ya kwance famfon da hannunsa, ya aika wa Bunu da kayansa. Haruna ya haɗa shi da wani mai tsofaffin kayan mota a Jos, mutumin ya ce akwai na asali, sabo a kwalinsa, nan da kwana biyar zai ba direba ya kawo. Haladu ya rufe motar da tamfol, ya ji zuciyarsa ta yi fari.

Ran Litinin aka kira Saude daga ƙauye. Ɗan Safara'u ne, ya hau kan jigawa inda ake samun sabis. Ya ce jikin Inna ya tsananta, ta daina cin abinci, ba abin da take cewa sai a kira mata Saude.

Saude ta sami Haladu a zaure yana goge fitila. Ta dafa bango ta tsaya.

"Malam, Yaya ce. Sun ce tana kirana."

"Subhanallahi. Allah ya ba ta lafiya. Ga motar kuma a kwance."

"Babu wata dabara?"

Nan ne fa. Gidan Bunu ko taku arba'in bai kai ba. Haladu ya dubi tamfol ɗin ta ƙofa, ya tuna hotonsa yana yawo a wayoyin mutanen Kaduna.

"Babu, Hajja. Amma Alhamis kayan za su iso. Juma'a da sassafe kina gabanta, in sha Allahu."

Ta ce, "Allah ya kai mu." Ta juya.

Kada a ce mugu ne, don ba mugu ba ne. Ya san Safara'u, mace ce mai taurin rai, ta sha kwanciya haka ta tashi. Ya lissafa kwana uku ne kacal. Ya ma je tasha ya tambaya ko akwai mai shiga, direbobi suka yi masa dariya, suka ce in shi bai shiga ba wa zai shiga? Ya nemi mai tarakta, aka ce duk suna can cikin shinkafa. Ya dawo ya faɗa wa Saude duk wannan dalla-dalla, ta yi masa sannu da wahala. Komai ya nema, ban da abu ɗaya da ya san zai yi.

Talata da yamma Bunu ya tare shi a hanyar masallaci.

"Baba Haladu, na ji Hajja tana son zuwa gida. Famfon nan fa yana nan cikin akwatina, ban sa wa kowa ba. Aikin rabin awa ne. In naka ya zo sai mu cire, wa zai sani?"

"Bar shi, Bunu. Jibi nawa yana hanya."

"To ai shi ke nan, Baba."

Alhamis ta zo, kaya ba su zo ba. Mutumin Jos ya ce direban ya yi lodin Bauci, sai Asabar. Saude ta riga ta ɗaure kayanta: turmin atamfa, sabulu, man zafi, da zumar da ta aika aka sayo. Ta ajiye ƙullin bakin ƙofar ɗakinta, kullum sai ta tsallake shi in za ta fita alwala. Juma'a yaron ya sake hawa jigawa, ya ce Inna ta tambaya ko motar Haladu ce take jin ƙararta. Ba mota ba ce, injin ban ruwa ne na wani. A ranar Haladu ya je majalisar shayi kamar kullum, aka nuna masa wani abin buɗe gwangwani, ya juya shi ya duba. Da zai dawo ya bi ta ƙofar garejin Bunu, ya rage tafiya, ya ga mutane a zaune, ya wuce. Ya ce a ransa saura kwana ɗaya, wanda ya yi haƙurin biyar.

Asabar ma ba su zo ba.

Lahadi da hantsi wayar Saude ta yi ƙara. Yana zaure, ya ji ta ce, "Na'am," sai "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," a hankali, sau uku. Kafin azahar an binne Safara'u. Ba a jiran kowa, balle wanda laka ta tsare.

Haladu ya jira baƙin ciki ya zo masa, bai zo ba. Ya jira kunya, ita ma shiru. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, maza suna zuwa suna yi masa gaisuwa, yana amsawa, "Amin, amin, mun gode," yana jin muryarsa kamar daga gidan maƙwabta take fitowa. Matan unguwa suna ta shiga wajen Saude. Aka kawo masa abinci ya ci, bai san ko da gishiri ko babu ba. Abin da ya lura da shi kawai, wani ɗan kashi da tsuntsu ya yi a kan tamfol, yana ta kallonsa yana cewa ya kamata a goge.

Litinin da safe aka kira shi daga tasha. Kwali ne ɗan ƙarami, an naɗe famfon da takarda mai maiƙo. Ya juya shi. Tambarin yana nan, kalmomi uku, raɗau. Ya tsaya a tsakiyar tasha da abin a hannu, masu babur suna yi masa hon, yana jira ya ji daɗin da ya saba ji. Ƙarfe ne kawai mai sanyi. Ya koma gida ya ɗaura shi, hannuwansa suna aikin su kaɗai. Bugu ɗaya ta tashi.

Talata, ranar addu'ar uku, suka kama hanya. Saude ta fito da ƙullin nan, ba ta cire komai a ciki ba, har zumar. Ya ɗaga Saude ta hau motar. Suka wuce jingar da aka yi wa gari saboda ambaliya, suka bi kwalta har ta ƙare, ya sa ƙaramar giya. Fadama ta cika, shinkafa kore shar har iyakar gani, ciyawar kacalla ta rufe bakin ruwa, balbelu suna tashi a gabansu. Motar ta shiga laka har cinya ta fita, ta sake shiga ta fita, ba ta ko yi nishi ba. Masunta suna ɗaga musu hannu. Minti hamsin suka yi. Ya duba agogo ne da ya tsaya, shi ya sa ya sani, kuma da ma bai duba ba.

A Tsamiyar Auta ya zauna cikin maza a gindin bishiya. Kowa sai godiya yake masa. Wani tsoho ya ce ai duk ƙasar nan ba mai zumunci kamar Malam Haladu, mota ce ta ci amanarsa a ranar da ba ta dace ba, haka Allah ya so. Haladu ya ce, "Haka ne." Daga cikin gida yana jiyo kukan mata sama-sama, bai iya ware na Saude ba. Ɗan marigayiyar ya zo ya durƙusa ya ce Inna ta bar wa Hajja kwallarta ta zuba abinci da carbi, kuma har daren Asabar tana cewa a bar ƙofa a buɗe. Haladu ya ce Allah ya jiƙanta. Ya lura takalmin yaron ɗaya ya tsinke an ɗaure da waya.

Bayan la'asar suka juyo. Saude tana rungume da kwallar a cinya, tana kallon gaba. Sun yi nisa cikin laka, ba kowa sai su da ruwa, sannan ta yi magana, muryarta kamar mai tambayar farashin gero.

"Malam, rabin awa aka ce?"

Bai tambaye ta me take nufi ba.

"Sakinatu matar Bunu ce ta faɗa ran Lahadi, da suka shigo gaisuwa. Ba da wata manufa ba. Cewa ta yi, kai, da Baba ya yarda an mayar da wancan famfon, ai maigidanta ya ce aikin rabin awa ne. Ta ɗauka na sani." Ta gyara riƙon kwallar. "Haka ne?"

Yana da amsoshi. Akwai zancen tasha, akwai na tarakta, akwai direban da ya yi lodin Bauci. Ya duba su ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya ɗauku.

"Haka ne, Hajja."

"Lafiyarsa ƙalau, wancan ɗin?"

"Ƙalau."

"To me ya yi?"

Sitiyari yana rawa a hannunsa, laka tana fallatsa a gilashi. Ya buɗe baki, sai ya ji abin da zai faɗa, ya ji girman dalilin bai kai ƙwayar gero ba. Amma ta tambaya, kuma shekara arba'in da huɗu bai san ta da tambayar banza ba.

"Ba ɗan Ingila ba ne."

Ta gyaɗa kai a hankali, kamar an faɗa mata sunan wani gari da ba ta taɓa zuwa ba. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Da ta yi, da ya samu abin riƙewa.

"Na yi shiru tun ran Lahadi ne don babu wata motar da za ta kai ni," in ji ta. "Yanzu na je."

Suka ci gaba har tayoyi suka hau kwalta. A nan akwai 'yar rumfa inda motocin haya ke tsayawa, wata farar bas tana lodin buhunan kifi da mata 'yan kasuwa.

"Tsaya nan, Malam."

Ya tsaya. Ta buɗe ƙofa da kanta. Landiroba doguwa ce, kullum shi yake zagayowa ya sauke ta, amma kafin ya fito ta riga ta zamo, ta dafa ƙofa, gwiwar ta lanƙwashe ta miƙe. Ya zagayo ya tsaya a gabanta da hannuwa a sake.

"Hajja, gida fa za mu. Ki yi wa Allah."

"Gida zan je. Akwai sauran miyar jiya, zan ɗumama maka."

Ta taka a hankali zuwa bas ɗin, kwalla a hannu ɗaya. Wata mata ta miƙo hannu ta jawo ta, aka matsa mata wuri a kan buhu, kusa da taga. Direban bas ɗin ya san Haladu, ya leƙo yana murmushi.

"Baba Na'ingila, motar ta sake lalacewa ne?"

"A'a," in ji Haladu. "Lafiyarta ƙalau."

Bas ta tashi da hayaƙi, tana tafiya tana tsayawa, a sauke wannan a ɗauki wancan. Haladu ya bi bayanta. In ta tsaya ya tsaya nesa kaɗan, in ta tashi ya tashi. Ta gilashin baya yana hango farin mayafin Saude a tsakanin kawunan mutane, ba ta waiwayo ba. Rana tana faɗuwa kan ruwan fadama, masu babur suna wuce shi suna mamakin tsohon da ke jan mota kamar mai rakiyar gawa. Ya saurari ƙirjinsa ko zai ji wani abu, sai injin kawai yake ji. Har suka shiga Haɗeja bai yi tari ko sau ɗaya ba.